Ƙofar Gidana a Cikin Monita

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni, ban iya tsara zance ba. Walda nake yi, shekara ashirin da shida ke nan ina ƙona ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya koya wa mutum magana. Amma abin da na gani yau ya fi ƙarfin cikina, idan ban amayar da shi ba zai kwantar da ni. Yau Alhamis. Jibi Asabar iyayen wani yaro za su zo gidana neman auren 'yata, ni kuma har yanzu ban san ko zan buɗe musu ƙofa ba.

Ita ce ta fari a wajena. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana. Shekararta ashirin da bakwai, aikin zane take yi a kwamfuta: katin gayyata, takardar da ake liƙa wa kwalba, allon shago, duk abin da maɗaba'a za ta buga. A ɗakinta take aiki, kan wani tebur da na haɗa mata da ragowar bututu, da 'yar kwamfutar cinya wadda fuskarta ba ta wuce murfin tukunya ba. Kullum za ka same ta a dunƙule ta cusa hanci a ciki. Da yamma idanun nan jajir, tana ɗiga musu magani. Sau biyu maɗaba'a ta dawo mata da aiki, wai launin da ta gani ba shi ya fito a takarda ba, ga ƙananan kurakurai da idonta bai kama ba. Ranar na biyun ba ta yi kuka a gabana ba, amma na ji ta tana jan hanci a bayan ƙofa.

Washegari na ce mata ni zan saya mata babban allo, wanda suke kira monita, da kuɗina.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai da ko hoto a waya sai na buɗe maka?"

Duk da haka ta ɗauko takarda ta rubuta mini abin da zan nema, tana yi tana bayani kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Faɗinsa inci ashirin da bakwai. Ya zama wanda ake ce wa tu-ke, in da hali fo-ke. Ta ce hoton allo ɗigo-ɗigo ne kamar yashi, iya yawan ɗigon iya kyan hoton, girma kaɗai ba ya nufin komai. In tsaya ta gefe in leƙa, idan launi ya dushe in bar shi. In duba ramin waya a bayansa ko zai shiga da kwamfutarta. Na ƙarshe kuwa ta ja masa layi biyu: in sa a cika mini allon da fari tas, sannan baƙi ƙirin, sannan ruwan toka, in bi kowace kusurwa da ido.

Kwana uku ina rufe shago da wuri ina zaga layin masu kwamfuta da takardar nan a aljihu. Sababbi dai, da na ji kuɗinsu, sai na gyara hula na yi gaba kamar dama wucewa nake yi. Wani ya nuna mini wani ƙato mai araha, ya kusa rabin ƙofa, amma da na matsa kusa sai na ga gefen haruffan kamar haƙoran zarto. Na tuna maganar yashi, na ce masa Allah Ya kawo kasuwa. A ƙarshe na faɗa shagon wani mai gyara da ake kira Tabarau, dattijo mai zolaya, gilashin idonsa ya kai gindin kofi kauri. Yana da wani na hannu, tu-ke, inci ashirin da huɗu, ƙafarsa ta ɗan karce, kuɗinsa daidai aljihuna. Shi da kansa ya sa mini fari da baƙi da toka, ya ce in duba har in gaji. Na ce ya ajiye mini zuwa gobe.

Da ma na ɗauke shi a ranar.

To bari in gaya muku wane ne yaron. Injiniya ake ce masa, aikinsa ja wa ofisoshi wayoyin kwamfuta. Wata huɗu da suka wuce suka haɗu da Mamana a maɗaba'a, wai ya je buga katin aikinsa ita kuma ta kai nata. Haka ta faɗa wa uwarta, haka shi ma ya faɗa mini. Kullum cikin farar riga mai dogon hannu yake, guga kamar ta yanke ka, takalminsa ko ƙura ba ta kamawa. Ba ya ɗaga murya. Idan ya gaishe ni sai ya kai har ƙasa, ba ya tashi sai na ce ya tashi.

Uwarta ta mutu a kansa tun ranar farko. Yayata kuwa, wadda yaran ke kira Gwaggo, sai ka rantse ita za a aura. Ni kaɗai ne nake jan ƙafa, kuma da za ku tambaye ni dalili a lokacin ba ni da abin faɗa. 'Yan abubuwa ne marasa kai. Ƙaramar ƙofar gidana tana jan ƙasa, sai an ɗan ɗaga ta kafin a tura. Duk baƙon da ya zo sai ya yi ta kokawa da ita har a leƙo a gaya masa. Shi kuwa ranar da ya fara zuwa, ina zaune a kujerata ina kallonsa, ya sa hannu ya ɗaga ya tura, kamar a gidan aka yanke masa cibiya. Zuwansa na biyu ya kawo mini matashi, ya ce na kujerata ne, saboda bayana. Ban taɓa gaya masa ina ciwon baya ba.

Da na yi wa uwarta zancen sai ta ce yaro ne mai lura, irinsu sun yi ƙaranci. Ta ƙara da cewa ni dai ko mala'ika ne ya zo neman 'yata sai na ce a buɗe bakinsa in ƙirga haƙora. Yaya ta ɗora nata, ta ce tunda so nake in jiƙa yarinyar in sha, to in faɗa kowa ya huta. Haka suka sa ni a tsakiya har na amince da ranar Asabar.

A daren da na dawo daga wajen Tabarau, uwarta ta kai wa Injiniya labarin ina neman monita. Da safe sai ga saƙo a wayata:

"Barka da asuba Baba. Na ji kana ta wahala a kasuwa. Akwai nawa a ɗaki, fo-ke ne, inci ashirin da bakwai. Na sayi wani ne shi ya sa na ajiye shi. Don Allah ka bari in kawo."

Na ce kyauta dai ba zan karɓa ba, ni na yi wa 'yata alkawari. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya yarda in ba shi abin da na tanada. Ya kawo shi shagona a cikin kwalinsa, ya share teburin aikina da hankicinsa kafin ya ɗora. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa wajen gyara, ko ya bi hannun wani.

"Ni na ɓare shi a kwali, Baba," ya ce. "Tunda na saye shi bai bar ɗakina ba. Ba wanda ya taɓa zama a gabansa sai ni."

Ya haɗa shi da kwamfutarsa ya buɗe hoton wani tsuntsu a bakin ruwa. Wallahi sai da na kai hannu, gashin fiffiken nan ɗaya bayan ɗaya kamar ka ƙirga. Na leƙa ta gefe, launi bai motsa ba. Na ce a sa fari, ya sa. Na ce baƙi, ya sa. Ko ɗigo babu. Sai ya juyo ya dube ni da murmushin nan nasa ya ce, "Akwai saura, Baba?"

Takardar tana aljihuna, ina jin ta a jikin ƙirjina, da layinta biyu. Amma ku faɗa mini, yaya zan tsaya ina ƙwaƙule kayan yaron da zai zama surukina, wanda ya rage mini fiye da rabin kuɗi, kamar na kama shi da kayan sata? Kunya ta rufe ni. Na ce babu saura.

Ranar da na kai mata shi, Mamana ta yi tsalle kamar 'yar shekara bakwai. Sati biyu tana aiki a kansa, idonta ya washe, maɗaba'a ba ta sake dawo da komai ba. Sau ɗaya dai ta ce mini akwai wani ɗan dusu-dusu a jikinsa, kamar an shafa da hannu mai maiƙo, ta goge bai fita ba. Ta ce ba ya damunta tunda aiki yana rufe shi, kuma kada in gaya wa Injiniya, zai ji nauyi.

Yau kafin azahar na dawo gida ɗaukar injin huda da na manta. Gidan shiru. Uwarta da Yaya sun tafi sayen labulen falo saboda baƙin Asabar, Mamana ta kai aiki maɗaba'a. Ƙofar ɗakinta a buɗe, gyalenta a kan kujera, kofin shayinta da saura. Ta manta ba ta kashe monitan ba. Ta rufe aikin da take yi, sai filin da take zane a kai ya rage, ruwan toka daga sama har ƙasa.

Na wuce har na yi taku biyu, sai na dawo da baya.

Ita kullum a kusa take zama, hancinta a jikin allon, shi ya sa take ganin datti. Ni daga bakin ƙofa nake, taku shida ko bakwai. Daga nan ba datti ba ne. Layuka ne a tsaye, a jere, tazararsu ɗaya. A samansu wani abu mai lanƙwasa. Inuwa ce siririya, kamar sawun da hoto ke bari a bango idan an cire shi bayan shekaru. Na saki labulen taga, ɗakin ya yi duhu kaɗan, sai ta ƙara fitowa.

Ƙofa ce ta ƙarfe. Babba da ƙarama a gefe. Ganye bakwai na ado a samanta.

Na ce a raina ƙofofi irin wannan sun fi dubu a gari, ni kaina na ƙera sun fi hamsin. Sai na ƙirga ganyen daga hagu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na biyar kansa a ƙasa yake.

Masu karatu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce na ƙera ƙofar gidana, a kwance a ƙasa, ranar da na gaji. Sai da muka tayar da ita na ga na liƙa ganye na biyar a juye. Na ce gobe zan gyara, goben ba ta zo ba har yau. Uwar yaran tana yi mini gori da shi duk lokacin da na cika baki a kan aikina. Babu wata ƙofa a duniya mai wannan kuskuren sai tawa.

Na zauna a bakin gadonta ina kallon ƙofar gidana a cikin allon da na saya da kuɗina. Ba daga inda mutum ke tsayawa aka gan ta ba, daga sama ne, daga tsallaken titi.

Na cire wayoyin, na naɗe shi a bargo, na ɗaga ƙaramar ƙofa na fita da shi a ƙirji kamar mai kai yaro asibiti. Ban tsaya ko'ina ba sai shagon Tabarau.

Yana ganina ya fara tsiya, wai ga mutumin da ya ce a ajiye masa zuwa gobe, ashe goben ta masu walda sati biyu ce. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya karɓa ya haɗa, ya sa toka, ya janyo ƙofar shagon rabi. Ya matsa baya, ya cire gilashin ya goge ya mayar.

Sannan ya yi mini bayani a hankali. Ya ce allo idan aka bar shi a kan hoto ɗaya dare da rana, wata da watanni ba a kashewa, hoton yakan zauna a jikinsa. Fari yana ɓoye shi, baƙi yana ɓoye shi, toka ce kaɗai ke tona shi. Ya nuna mini wani ɗan dogon tabo a kusurwar sama, ya ce nan ne lambobin kwanan wata da agogo suke gudu. Ya ce wannan allon kyamarar tsaro aka yi ta kallo da shi, kuma kyamara ɗaya tak, tunda ba a raba shi gida huɗu ba.

Na tambaye shi wata huɗu zai isa ya yi haka.

Ya girgiza kai. Ya sa bakin biro a ƙasan ƙofar ya ce in duba nan, akwai abu biyu a kan juna: sanduna a buɗe, sannan wani abu kamar faranti ya rufe su, amma sandunan sun fi fitowa. Ya ce abin da ya fi daɗewa a gaban kyamara shi ya fi zama.

Farantin ni na liƙa shi, saboda kajin maƙwabta da ke shigo mana. Shekara biyu ke nan, wato an daɗe ana kallon ƙofar tun kafin in liƙa shi.

"Mutane fa?" na ce. "Ban ga kowa ba."

"Mai wucewa ba ya barin sawu, Mai Walda. Sai abin da ya zauna wuri ɗaya." Ya sake matsawa kusa, ya kai biron gefen ƙaramar ƙofar. "Sai dai wannan. Ban gane shi ba. Buhu ne ake ajiyewa a nan, ko tulu?"

Wani dunƙulen tabo ne, mai ɗan kai a sama, ya karkata gefe ɗaya kamar mai ciwon baya.

Tun ranar da Mamana ta fara fita kai aiki maɗaba'a, kullum bayan la'asar nake fitar da kujerata in zauna a daidai wurin nan, ina duban bakin titi har sai na hango gyalenta. Uwarta tana ce mini maigadi. Ban taɓa fashi ba sai in ba ni da lafiya.

Na ce masa, "Ni ne."

Tabarau ya cire gilashinsa, wannan karon bai goge ba. Ya tambaye ni wa ya sayar mini. Na ce wani yaro ne. Ya taya ni naɗe shi a bargon, ya ƙi karɓar ko sisi, ya rako ni har bakin titi, abin da bai yi mini ba a zuwana na farko.

Na mayar da monitan kan teburinta, na haɗa wayoyin yadda na same su. Sannan na fito na tsaya a gaban ƙofata, na juya mata baya. Aikina ya koya mini jan layi da ido. Idan ana ganin saman ganyen nan haka, ana ganin kujerata ta wannan gefen, to mai kallon yana sama da ni da kamar tsayin mutum uku, ya ɗan karkata dama. Na bi layin da ido na tsallaka titi. Bene ne mai hawa ɗaya, ƙasa shagon fenti, sama an rufe tagoginsa tun ban san yaushe ba. A ƙarƙashin rufin, kusa da bututun ruwan sama, akwai wani baƙin abu bai wuce ƙwai ba. Na sha ganinsa. Na ɗauka mataccen ƙwan fitila ne.

Ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba. Rana tana dukan ƙeyata ban ji ba. Mamana ta dawo ta same ni a haka, ta gaishe ni, ta ce lafiya. Na ce iska nake sha. Ta dube ni ta dubi ranar, ta yi murmushi ta shige.

Ina ta saƙa yadda zan fara. Uwarta za ta ce na samo abin da nake nema tun farko. Yaya za ta ce inuwa ce kawai, wa ke fasa aure saboda inuwa. Ita kuma Mamana, da ta riga ta kai ɗinkin da za ta sa ranar Asabar, da wane baki zan ce mata haɗuwar maɗaba'ar nan ba haɗuwa ba ce?

Sai na ji ƙarar ƙaramar ƙofa, an ɗaga an ja. Ta fito da kofin ruwa a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, fuskarta sai ƙyalli take.

"Baba, ga ruwa. Ka ga ɗan naka Injiniya ko? Wai in kawo maka, ka daɗe a rana."

Na karɓi kofin. Na tambaye ta ko ya wuce ta nan ne.

Ta ce a'a, ai tun jiya ya tafi aiki wani gari, sai gobe zai dawo. Tana faɗa tana dariya, sai dariyar ta fara raguwa da kanta, kamar ta ji abin da bakinta ya faɗa. Wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta duba. Na ga girarta ta haɗe.

"Wai in tambaye ka, ko monitan ya ba da matsala ne." Ta ɗago ta dube ni. "Baba, ni fa ban ce masa komai a kan monita ba."

Na matsa na tsaya tsakaninta da benen, na buɗe kafaɗuna iya faɗinsu, na ji abin nan yana kallon bayana.

"Ajiye wayar a nan bakin ƙofa, Mamana," na ce. "Shiga ciki. Zo in nuna miki ƙofar gidanmu."